Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Unguwarmu Ta Karrama 'Yan Agajinta

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda na bar shagon ubangidana na Sabon Garin Zariya, na kama ɗan nawa a Tudun Wada da keken ɗinki ɗaya da dutsen guga na gawayi. Wasu sun tambaye ni yadda aka yi tela ya tsinci kansa cikin aikin agaji. To, ɗinkin ne ya kai ni.

Wani dattijo bakanike, wanda garejinsa ke kan hanyar Ƙofar Doka, shi ya fara kawo mini yadin kaki in ɗinka wa yaransa kayan aiki. Kowa Kwamanda yake ce masa, ni kuwa Baba nake ce masa har yau. Da muka zo maganar kuɗi sai ya ce in yi haƙuri, da kaɗan-kaɗan za a riƙa biya, domin kowane yaro daga aljihunsa zai fitar. Na ce, "Baba, ashe ba biyanku ake yi ba?" Ya ce, "Wa zai biya mu, ɗana? Kuɗin hula ma karo-karo muke yi."

Ni a da, in na ga 'yan agaji a filin idi ko wurin tafsiri, ko na Fityanul Islam ne, ko na Izala, ko na Jama'atu, ɗauka nake aikinsu shi ne gyara sahu da tsaron takalma. Kayan da suka riƙa dawowa shagona gyara su suka canza mini tunani. Wando ya zo gwiwarsa a yage. Riga ta zo hannunta a ƙone, mai ita ya ce ai a gobarar hunturun nan ce da ta kama wani shagon katifa. Wata kuma ta zo da tabon jinin da sabulu ya kasa fitarwa, na wani fasinja ne da suka ciro daga mota a hanyar Kano. Mai rigar yaron birkila ne, ko gashin baki bai gama fito masa ba. Ina facin rigar nan na ji a raina cewa zaman shago kaɗai ba zai ishe ni ba, na ce wa Baba ya rubuta sunana.

Ranar Asabar-Asabar muke taruwa a filin wata firamare. Wasu lokutan masu horarwa daga Red Cross sukan zo da mutum-mutumin roba su koya mana taimakon gaggawa. Rabin karatun duk na barin abin da muka taso da shi ne. A gidajenmu in yaro ya ƙone, wannan ta kawo ɗanyen ƙwai, wannan manja, wannan man goge baki. Suka ce duk a bari, ruwa mai sanyi za a yi ta kwararawa a wurin har minti 20, sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Wanda ya yi haɗarin mota ba a fizgo shi ta hannu da ƙafa, sai an tallafe wuya da baya, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Inda jini ke zuba a danne da ƙarfi, kada a yi ta ɗagawa ana leƙawa. Wanda numfashinsa ya tsaya a danna masa tsakiyar ƙirji sau 30, a hura masa iska sau 2, a ci gaba har taimako ya zo. Wutar fetur ko ta man girki ba a zuba mata ruwa, yashi ake sa mata ko a rufe ta da jiƙaƙƙen bargo. Suka sa muka haddace 112 ta kiran gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗura.

Darasin rijiya ne ya fi girgiza ni. Sau nawa muka ji labarin yaro ya faɗa rijiya, yayansa ya bi shi, maƙwabci ya bi yayan, a ƙarshe a fito da gawa uku? A ƙasan tsohuwar rijiya iskar shaƙa kan yi ƙaranci, mutum yana sauka sai jiri ya kwashe shi. Baba yakan ce jarumtar da za ta ƙara yawan gawa ba jarumta ba ce. Igiya a ƙugu, mutane riƙe da ita a sama, a aika a kira 'yan kwana-kwana tun kafin a fara komai.

Abin da mutane ba su gani shi ne yawancin aikin ana yin sa ne tun babu abin da ya faru. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, amma sanarwar da aka yi a Abuja ba ta shiga lungu da ƙafarta, sai wani ya ɗauko ta ya faɗa a masallaci bayan sallar isha'i, ya maimaita a majalisar mai shayi. Kafin ruwa ya zauna muna fita da shebur da baro mu yashe magudanai, waɗanda ledar ruwa da robobi suka toshe. Duk wanda ya san Zariya ya san rafin Kubanni, wanda ke gangarowa ta wajen Samaru ya ratsa gari ya faɗa kogin Galma. Da rani ka tsallake shi da ƙafa, a watan Agusta kuwa ko babba ba ya wasa da shi, kuma gidaje sai ƙara matsawa bakinsa suke yi. A cikin ganuwa matsalar daban ce: ginin ƙasa ne, in marka ta yi kwanaki katanga ta sha ruwa, azara ta ruɓe, sai soro ya zauna a kan mutane cikin dare. Saboda haka muna da littafi. A ciki akwai gidan da katangarsa ta tsage, da tsohon da ke kwana shi kaɗai, da wanda ke da Keke Napep da za a iya tasa ƙarfe biyun dare, da wanda ke da dogon tsani. An kafa NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, tun 1999, jihohi ma suna da nasu hukumomin, ba na kuma raina aikinsu. Amma a ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a faɗin ƙasar nan, wa ya fara shiga ruwa a kowane gari? Maƙwabci ne.

Wani aikin da ba a ɗauke shi aiki ba shi ne korar 'yan kallo. Yanzu in abu ya faru, kafin mutum ɗaya ya sunkuya ya taimaka, ashirin sun ɗaga waya suna ɗauka. Ka ce su matsa, a zage ka, a ce wa ya naɗa ka. Da na ji labarin tankar man da ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi ta halaka sama da mutum 150, yaranmu na tuna, waɗanda suke shan zagi don sun ja igiya sun ce kada kowa ya wuce.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ina shago ina yanka yadi labari ya zo cewa wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta a kan mutane ana sallar la'asar. Masallacin nan da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, babu Bazazzagin da ba ya jin sa a zuciya. An rasa rayuka, wasu suka jikkata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sa sun huta. Ba zan tsaya ba da labarin abin da idona ya gani ba, domin iyalan mutanen suna nan da ransu. Abin da zan faɗa shi ne jama'ar gari ne suka fara kai hannu, masu kaki da marasa kaki, wasu da hannu suke tonon ƙasa.

A makonnin da suka biyo baya ne abin ya fara ci mini rai. Ɗaya daga cikin yaranmu ƙarfe ya yanke shi a tafin hannu a wani aikin ceto na daminar nan, ciwon ya yi ruwa, ya daina zuwa wurin sana'arsa, kuɗin allura ma uwarsa ce ta sayar da akuya. Baba kansa bayansa ya riƙe, har ya koma yin salla a zaune. Wani ofis da muka kai wa takarda ya yi mana alƙawarin kayan aiki, muka yi ta zirga-zirga har muka gaji muka bari. A unguwa kuwa kowa ya gan mu sai ya ce Allah ya saka. Amin, addu'a ba ƙaramin abu ba ce, don ita muke yi. Amma wanda ya ce maka Allah ya saka, ai yana iya tambayar yadda hannun yaron yake.

Na sami mai unguwa a zaurensa bayan magariba. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan fa sun fara sanyi. Ba kuɗi suke nema ba, so suke su san an san da su." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gaskiyarka, tela. Yaba kyauta tukwici. Mun yi sakaci." Ya sa aka kira liman da 'yan kasuwar unguwa da wani malamin makaranta.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Wasu suka ce a kama rumfuna da kujeru, a gayyato wani babban ɗan siyasa, a buga allon yabo mai ƙyalli. Na ce in kuɗin duk ya tafi a rumfa da lemo, gobe yaro zai koma cikin kwata da silifas. Wani Alhaji mai shagon kayan gini ya goyi bayana, ya ce shi zai ba da shebur da igiya. Malamin makarantar ne ya kawo shawarar rana: 5 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1985 don tunawa da masu aikin sa-kai. Aka amince.

Da na koma gida ina ba da labari, maiɗakina ta ce, "Malam, a cikin sunayen nan mata nawa ne?" Babu ko ɗaya. Ta ce, "In tukunyar gas ta kama a kicin, ko yaro ya faɗa ruwan zafi da hantsi, ku kuna ina? Kuna kasuwa. Kuma ko kun zo, sai kun tsaya a zaure kuna sallama." Ta lissafa mini su: tsohuwar ungozomar da ake bugawa ƙofa tsakar dare, malamar Islamiyyar da ta koya wa matan aure yadda ake kashe wutar girki da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in amai da gudawa ya shigo, da matar da ta buɗe ɗakunanta ga maƙwabta lokacin da katangarsu ta faɗi, ta ciyar da su har aka gyara. Washegari na mayar wa mai unguwa maganar. Wani ya ce ai mata ba 'yan agaji ba ne tunda ba su da kaki. Liman ya ce a rubuta su.

Ranar ta zo cikin hazo da sanyi. A filin firamaren da muke horo aka yi, a kan tabarmi da bencina, mata a gefensu. Babu babban baƙo. Aka jera kayan da aka saya a kan tebur: takalman roba, safar hannu, tociloli, tukwanen kashe gobara, akwatin magani, da gadon ɗaukar majinyaci wanda wani mai walda ya haɗa, ni na ɗinka masa tamfol. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne asusun jinya da aka buɗe a hannun liman da ma'aji, kowane shago zai riƙa sa wani abu duk wata, don duk wanda ya ji rauni a bakin aiki. Kuɗin farko da aka fitar uwar yaron nan da ƙarfe ya yanke aka kai wa.

An kuma ba da takardar yabo, kuma ba na tare da masu cewa takarda ba komai ba ce. Mai unguwa ya sa aka riƙa kiran kowa da sunansa da sunan mahaifinsa, a faɗi abin da ya yi a bainar jama'a. Yaron da kullum ake kira ɗan acaba, ranar aka ji mutum nawa ya kai asibitin Gambo Sawaba da na Shika cikin dare bai karɓi ko sisi ba, mahaifinsa yana zaune a sahun gaba yana share ido da bakin rawani. Ungozoma ba ta fito ba, jikanta ta aiko, amma da aka ambaci sunanta guɗar da ta tashi daga ɓangaren mata har bakin titi an ji ta.

Da aka miƙa wa Baba lasifika, sai da aka riƙe shi ya miƙe. Ya yi godiya a taƙaice, ya ce shi roƙonsa ɗaya ne: magudanar da suka yashe kafin damina, kada a sake zuba mata shara. Ya kuma ce duk mai son shiga ya zo ranar Asabar da sassafe.

Asabar ɗin kuwa filin ya cika da sababbin fuskoki, har da 'yan mata da malamar Islamiyya ta kawo, aka ware musu aji ɗaya. A layin samari na hango babban ɗana, wanda bai gaya mini zai zo ba, bai kuma gaya wa uwarsa ba. Yadda muka kwashe da ita a kan wannan magana, da abin da ya faru a fitarsa ta farko lokacin wata gobarar dare a bayan kasuwa, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.