Jaruma a allo, amma wa ke riƙe da wayar?

Tun kafin sabon ɗan wasa ya riƙe takobi, wasannin MMORPG, wato waɗanda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya ta intanet kowa da jaruminsa, sukan tambaye shi ko jaruminsa namiji ne ko mace. Haka World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya fara a 2004, haka Final Fantasy XIV, haka Albion Online da ya sauka a waya a 2021, har mai Android a Mabera ko Arkilla cikin Sakkwato ke iya shiga. A yawancinsu zaɓin ba ya ƙara ƙarfi, ba ya ragewa. A Black Desert kuwa an ɗaure kowane salon faɗa da jinsi, wanda ke son Sorceress dole ya ɗauki mace ko da gemunsa ya kai ƙirji. Canzawa ma ba wuya: tun 2020 ɗan World of Warcraft kan shiga shagon aski na cikin wasan ya fito da wani jinsin, a RuneScape kuma wani boka mai suna Makeover Mage da ke kusa da birnin Falador na cikin wasan ke yin wannan aikin.

Saboda haka jarumar da ke gudu a gabanka ba ta gaya maka komai game da mai sarrafa ta. Nick Yee, wanda ya daɗe yana binciken 'yan waɗannan wasanni, ya nuna cewa maza sun fi mata yawan ɗaukar jarumi na ɗaya jinsin. Wani yana son kayan da ake sa wa jarumar, wani ya lura an fi yi wa mata kyauta da haƙuri, wata kuma ta ɗauki namiji don a bar ta ta yi wasanta lafiya. A wani binciken da shi da abokan aikinsa suka fitar a 2011, sun gwada maganar nan da ake yi cewa mata sun fi son aikin warkar da abokan faɗa. Ba haka abin ya fito ba. Jarumar allo ce ta fi yin aikin warkarwa, ko namiji ne ke riƙe da ita. Ni dai ina ganin duk shugaban gild (ƙungiyar 'yan wasa) da ke tura mace aikin warkarwa ba tare da ya tambaye ta ba, ragon shugaba ne.

Ba a allo asiri ke tonuwa ba, a murya ne. Manyan faɗace-faɗace na buƙatar magana kai tsaye, galibi ta manhajar hira ta Discord, kuma da zarar mace ta buɗe makirfo hira kan sauya. Wani ya ce ta turo hoto, wani ya fara rakiyar da ba a nema ba, wani kuma ya ɗora mata laifin duk faɗan da aka rasa. Tsakanin Hausawa ma ba sai an kai ga murya ba, domin ba ka iya yi wa mutum magana sai ka zaɓi "ka" ko "ki". Wadda ba ta son a sani sai ta bari a yi ta kiranta yadda aka ga dama, kuma ta saita makirfonta ya zama sai ta danna maɓalli yake ɗaukar sauti. In ba haka ba, sallamar maƙwabciya ko kiran da Inna ta ƙwala daga tsakar gida ya isa.

Ramin da ya fi zurfi shi ne kyauta. Yakan fara da sulke ko doki a cikin wasa. Sai a ce mu koma WhatsApp, Discord na cin data. Shiga zauren WhatsApp na nufin kowa ya ga lambarki, kuma Truecaller kan nuna sunan da mutane suka ajiye ki da shi. Daga nan sai "turo lambar asusu in sa miki kuɗin data". Lambar asusun OPay ita ce lambar waya ba sifilin farko, kuma mai turawa yana ganin cikakken suna kafin ya aika ko kwabo. Suna, lamba, Sakkwatancin da aka ji a bakinki, da hoto ɗaya mai alamar jami'ar Ɗanfodiyo a bayanki sun isa a gane ki a garin da kowa ya san gidan kowa. Samari ma kada su ɗauka sun tsira, don su aka fi yi wa tarkon jarumar bogi: a ja su da hira, a nemi hoton tsiraici, sannan a ce kuɗi ko a watsa. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara, kuma hanyar ɗaya ce ko daga ina hirar ta faro.

Sai batun soyayya da aure a cikin wasa. Tun 2014 Final Fantasy XIV ke da bikin ɗaura jarumai biyu, da zobe da baƙi, ba tare da duba jinsinsu ba. Wasu masoya ne na gaske, wasu abokai ne da ke son kyautar da ke biyo baya. A World of Warcraft, masaukin Goldshire na sabar Moon Guard (saba ita ce rumfar intanet da ake tara wani rukunin 'yan wasa) ya yi suna da hirar batsa ta kwaikwayo, wanda ba ya so ya kauce masa. Akwai kuma gild da ke bayyana cewa suna maraba da masu neman jinsi ɗaya. A 2006 Blizzard ya gargaɗi wata 'yar wasa da ta tallata irin wannan gild, ya sha suka, ya ba da haƙuri. Dokokin waɗannan wasanni sun hana zagin mutum kan jinsinsa ko wanda yake so, kuma zagin na iya jawo a rufe asusun da aka shekara ana ginawa. A nan gida kuwa akwai dokar hana auren jinsi ta 2014 da kuma shari'ar Musulunci a jihar Sakkwato, don haka hoton allo na hirar da aka yi da wasa kan zama makamin barazana a hannun mugu. Abin da ba ka son Baba ya karanta, kada ka rubuta wa wanda ba ka taɓa gani ba.

Kafin shiga gild, a duba ko suna da rubutattun dokoki da masu kula da hira fiye da ɗaya. A buɗe imel daban don wasa, sunan jarumi kada ya ɗauko sunan gida ko shekarar haihuwa, a rufe saƙon sirri daga mutanen saba a saitin Discord, a kunna tantancewa mai mataki biyu. Yaya ko uba da ƙaraminsa ke wasa ya sani Discord ba ya karɓar wanda bai kai shekara 13 ba. Ƙwace waya kuma ba ya magani, yakan sa yaro ya ɓoye matsala ranar da ta same shi. Gara a zauna a tambaye shi su wa yake wasa da su.

Idan barazana ta riga ta zo, kada a biya, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. A ɗauki hoton hirar da sunan jarumin da sabar da lokaci kafin a toshe shi, a kai ƙara ta cikin wasan, a gaya wa babba da aka amince da shi. Wanda bai kai 18 ba zai iya amfani da shafin intanet na Take It Down, babba kuma na StopNCII, don hana hoton yawo a Facebook da Instagram. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan barazana, kuma rundunar 'yan sanda na da cibiyar karɓar ƙorafinta a Abuja.