DTD ɗinmu ya zauna a sabar, xmllint ya daina kuka

Alhamdu lillahi 'yan uwa, yau xmllint --valid --noout, umarnin tantance takardun XML, ya bi ta kan littafin da muke rubutawa gaba ɗaya bai ce uffan ba. Wanda ya taɓa fama da DocBook 4.5, tsarin rubuta littattafai da XML, ya san daɗin wannan shirun. Shi DTD fayil ne mai ɗauke da ƙa'idojin da ake tantance takarda da su.

Tsarin da na tsaya a kai bai da yawa. Jaka ɗaya mai suna xml, a cikinta docbook/4.5/ ɗauke da docbookx.dtd, da dbpoolx.mod, da dbhierx.mod, da sauran 'yan uwansu, sai ent/ a ƙarƙashinsu yadda OASIS, ƙungiyar da ta fitar da DocBook 4.5, ta shirya su. Kada ku taɓa wannan jerin. Kowane fayil yana kiran ɗan uwansa ne daga inda shi kansa yake zaune, ba daga inda takardarku take ba, kuna matsar da ent/ komai ya watse. Namu kayan suna namu/1.0/, wato littafi.dtd da hausa.ent mai riƙe da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai xsl/ a gefe. Lambar siga dole ce a adireshin. In gyara ya zo a buɗe 1.1, a bar 1.0 ga tsofaffin takardu.

Abin da ya sha mini kai shi ne "failed to load external entity". Ka buɗe adireshin DTD ɗin a burauza, ga shi nan lafiya lau. Ka kira shi da curl -L, ya sauko. Xmllint kuwa ya ƙi fur. Dalili: sabar tana karkatar da duk buƙatar http zuwa https, ita kuma libxml2, wadda xmllint ke aiki da ita, ba ta iya https da kanta. Saƙon kuskuren bai faɗi haka ba ko da wasa, wannan ne ya fi ƙona rai. Wasu za su ce a buɗe http ga jakar xml kawai. Ban yarda ba. Maganin gaskiya shi ne katalog na XML, wato fayil mai mayar da adireshin intanet zuwa fayil a faifanka, don tun farko bai kamata tantancewa ta fita intanet ba. A 2008 W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta koka cewa buƙatun DTD da ke zuwa mata suna kai miliyan 130 a rana, saboda manhajoji suna sake sauke fayil ɗin da bai taɓa canjawa ba. Mu ma datarmu ce ke ƙonewa a banza duk lokacin da aka danna tantancewa.

To, a catalog.xml sai a sa rewriteSystem guda, systemIdStartString ya ɗauki farkon adireshin yanar gizo, rewritePrefix ya nuna file:///srv/xml/. Ku lura da sandar ƙarshen nan (/) da kyau. Manna rubutu kawai ake yi, babu wata dabara. In na farko ya ƙare da sanda, na biyu bai ƙare da ita ba, abin da za a nema shi ne /srv/xmldocbook/4.5/, wanda babu shi a duniya, kuma saƙon kuskuren ɗaya ne da na baya sak. Ku sa XML_DEBUG_CATALOG=1 kafin umarnin, zai nuna muku abin da ya nema da inda ya faɗa. Ku nuna katalog ɗin da XML_CATALOG_FILES, sannan ku ƙara --nonet. In ya wuce da --nonet, to lallai daga faifanku yake karantawa.

Ɓangaren nginx kuma, wato manhajar sabar, mime.types ɗinsa mai jera nau'o'in fayil bai san dtd, mod, ent ko xsl ba, sai ya tura su a matsayin application/octet-stream. Firefox ba ta karɓar xsl a haka. A ba dtd da mod application/xml-dtd, ent ya samu application/xml-external-parsed-entity, xsl kuma application/xslt+xml. Amma ku rubuta types ɗin a matakin http, bayan include mime.types. In kun sa shi shi kaɗai cikin location, zai share waɗanda aka gada, har css ya lalace.

Tunda siga ba ta canjawa, na ba jakunkunan max-age, wato tsawon lokacin da burauza za ta ajiye kwafi, na daƙiƙa 31536000, shekara guda ke nan. Saura xsl:import na docbook-xsl, fayilolin xsl na DocBook, shi a katalog rewriteURI yake so, ba rewriteSystem ba.