Laraba: `let` ɗaya tak

Tun da rana abin yake ci mini rai. Ƙanena ya turo aikinsa na JavaScript, harshen rubuta manhaja, a duba. A can sama ya buɗe `let jimla`, wato suna mai riƙe ƙima wanda `let` ke bari a sake zuba masa wata, bayan layi 30 ya sake zuba mata wata ƙima a cikin `if`, can ƙasa kuma ya ƙara. Lissafin ya fita daidai. Amma kafin mutum ya san abin da ke cikin `jimla` a layin ƙarshe, sai ya bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin sawu.

Na ce masa, "Ƙanena, riƙa farawa da `const`. In ta ƙi, sai ka koma `let`." Ya ce, "Yaya, ai duk ɗaya ne, tunda yana aiki."

A wurin kwamfuta, kusan haka ne. A wurin mai karatu kuwa, ina! `const` alkawari ce cewa sunan nan ba za a sake ɗora shi kan wani abu ba, don haka da ka ga inda aka buɗe shi ka gama sanin sa. Gyaran ma ba wuya: kowane mataki a ba shi sunansa, `jimlaKafinRagi` da `jimlaBayanRagi`, dukansu `const`. Inda `if` da `else` ke cika abu ɗaya, a yi amfani da `? :`, gajeriyar hanyar zaɓar ɗaya cikin ƙima biyu, a layi guda. Wanda ya manta ya sake zubawa, nan take zai ga saƙon kuskure na TypeError.

Abin da ya fi damuna shi ne ya ɗauka `const` tana kulle kayan ciki. Ba ta kullewa. `const jeri = []` sannan `jeri.push(1)` zai wuce lafiya lau; `jeri = []` ne kawai za a hana. Mai son kulle kayan sai `Object.freeze`, shi ma saman kawai yake kamawa, abin da ke cikin na ciki yana nan a sake.

`let` tana da gurbinta: `i++` a cikin `for`, inda ake ƙara wa `i` ɗaya a kowane zagaye. Amma `for...of` yana karɓar `const`, domin kowane zagaye sabon suna ake buɗewa.

Tun 2015 `const` ta shigo harshen. Harshen Rust ma sai ka rubuta `mut` kafin ya yarda ka canza komai.

Bai amsa saƙona na ƙarshe ba. Ko na tsananta ne? Gobe da safe zan kunna mana `prefer-const` a ESLint, manhajar da ke duba lambar JavaScript, don ta riƙa nuna duk `let` ɗin da ba a sake zuba wa komai ba.