Talata: wuyan kimono da shafin da aka juya

Aikin yau kaf a kan littafin yara mai hotuna ya ƙare, labarin wata kaka da aka ɗauko daga birnin Kobe na Japan tana yarinya zuwa gonakin kofi na Sao Paulo a Brazil, irin ƙaurar da aka fara a 1908 lokacin da jirgin ruwa Kasato Maru ya sauke mutum 781 a tashar jiragen ruwa ta Santos a Brazil. Jikarta ce ta rubuta labarin, ta haɗo da tsofaffin hotunan gidansu.

Da safe na ɗinke littafin gwaji. Farar takarda takwas, a ninka kowace biyu, a soke tsakiya da zare, an samu shafi 32. Madaba'a na buga shafuka takwas ko sha shida a babbar takarda ɗaya kafin a naɗe a yanke, shi ya sa ba a yin 30 ko 34 sai da ɓarnar takarda. Shafi na 1 suna, na 2 da na 3 haƙƙin mallaka da sadaukarwa, labari ya tashi daga 4 zuwa 31, wato buɗewa goma sha huɗu, kowace shafi biyu masu kallon juna, na 32 hoton rufewa. Rubutun ya zo da faruwa goma sha tara, dole biyar su fita ko su shige cikin zane. Kwanakin teku duka na dunƙule su a buɗewa ɗaya ba kalma ko guda, ruwa daga gefe zuwa gefe, don yaro ya ji tsawon tafiyar da idonsa.

Hotunan gidan ƙanana ne, wasu ba su kai tafin hannu ba, sai na yi musu sikanin a dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, saboda in an ninka girmansu su tsaya a 300 da bugu ke bukata. Kowane zane ya wuce layin yanka da milimita 3, in ba haka ba wuƙa ta ɗan kauce farin layi ya fito a baki. Fuska kuma a nisantar da ita daga tsakiyar littafi aƙalla santimita ɗaya, ɗinki na haɗiye ta.

Bayan azahar aka zo kan abin da ya tsayar da ni. A littafin da ake buɗewa daga hagu zuwa dama, ana so mai tafiya ya fuskanci dama, wajen da yaro zai juya shafi. A zanen shafi na 8 yarinyar da mahaifiyarta suna fuskantar hagu, sai aka juya hoton a kwamfuta kamar madubi. Sakan biyu ne aikin, amma ya ɓata suturar. Kimono, rigar gargajiya ta Japan, ana fara kwantar da ɓangaren dama a jiki, sannan na hagu ya hau kansa, mace ko namiji. Wanda ke kallo zai ga wuyan kamar ƙaramin harafin y. Akasin haka gawa ake shiryawa da shi. Juyawar nan ta sa uwa da 'ya sun hau jirgi cikin shigar mamaci, a littafin da tsofaffin dangin za su karanta wa jikoki. Ba a gyara shi da dabara, sai an sake zana shafin daga fensir, takarda mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, a jiƙa ta a manne a katako ta bushe kafin a sa fentin ruwa, don kada ta kumbura.

Wannan ya sa na koma na bi sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya. A na 12 sandunan cin abinci na tsaye cikin kwanon shinkafa, alhali haka ake ajiye wa mamaci. A kwantar da su a gaban mai ci. A na 6 akwai ƙafa da takalmi a kan tatami, tabarmar ɗaki mai kusan santimita 90 da 180, wadda ko silifa ba a hawa da shi. Allon shago da ke can baya a cikin hoton da aka juya ma rubutunsa ya koma baibai.

In za a yi bugun Japananci, sai an yanke shawara tun yanzu. Rubutu a kwance yana buɗewa kamar na boko, zane ya zauna yadda yake. Rubutu a tsaye kuwa daga dama ake buɗe shi, kamar littafin ajami, kowane mai tafiya sai ya juya. Ni dai a kwance zan ba da shawara, da haruffan Japananci masu sauƙi da ake kira hiragana, da tazara tsakanin kalmomi yadda ake yi wa ƙananan yara.

Abu ɗaya na hana a taɓa: hoton kakar na ainihi, wanda kusurwarsa ta karye, launinsa ya koma ruwan ƙasa. An so a goge tsagar a kwamfuta. Na bar ta, shi zai zauna a shafi na 32 da farin gefe kewaye da shi. Gobe da safe za a aika da zanen fensir na shafi na 8 ga jikar, ta nuna wa dattijan gidansu kafin a sa fenti.