Yadda wakilan suna ke jeruwa a Sifaniyanci

'Yan uwa masu koyon Sifaniyanci, darasin da muka yi a makon nan ya tsaya mini a rai, wato haɗa wakilan suna biyu a jumla ɗaya. Kullum wanda aka yi wa abu ne ke zuwa gaba, abin kuma ya biyo baya: "me lo das" (kana ba ni shi), "te la compro" (ina saya maka ita). Wannan bai ba ni wahala ba, tunda mu ma "ba ni shi" muke cewa.

Inda na daɗe ina nazari shi ne "le" (masa ko mata) da "les" (musu). Da zarar sun haɗu da lo, la, los ko las, sai su rikiɗe su koma "se". Ba a cewa "le lo doy", sai "se lo doy" (ina ba shi abin). A tsohon Sifaniyanci "gelo" ake cewa, daga baya ya zama "se lo". Wallahi sanin asalin nan ya sa ƙa'idar ta zauna mini.

Idan umarni ne kuwa, manne su ake yi a ƙarshen aikatau, a ɗora alama kan wasali: "dámelo". In hani ne su dawo gaba: "no me lo des".