Yadda muka karɓar wa 'yar yayata diyya a New York

'Yar yayata tana da shekara 17 ta fara aiki a wani gidan abincin tafi-da-gidanka a Bronx, wani yanki na birnin New York, tana suyar dankali bayan an tashi makaranta. Manajan dare, wanda a haife ya haife ta, ya fara da maganganun batsa. Daga baya ya koma goga mata jiki a lungun da ke tsakanin firji da tukunyar mai, inda kyamara ba ta kaiwa. Da ta ƙi ba shi fuska, sai ya zabtare mata awannin aiki.

Ni ta fara gaya wa. "Anti, don Allah kada Baba ya ji, za a ce ni na ja." Har yau maganar nan tana ƙona min rai. An zalunci yarinya, amma tsoron bakin mutanenmu ya fi damunta a kan wanda ya cuce ta.

Na saya mata ƙaramin littafi. Duk abin da ta tuna ta rubuta shi da rana da lokaci da wanda ke wurin. Muka ɗauki hoton saƙonnin da yake turo mata da tsakar dare, muka jera takardun albashinta na kafin ta ƙi shi da na bayan nan. Waɗannan takardu su suka fi komai yi mana aiki, domin ramuwar gayya ga ma'aikaci laifi ne mai zaman kansa a dokar Amurka.

Muka kai ƙara hukumar EEOC, wadda wata dokar tarayya ta shekarar 1964 ta kafa don hana wariya a wurin aiki. Ba a biyan ko sisi. Sai dai akwai wa'adi: kwana 180 daga ranar da abin ya faru, a New York kuma 300. Iyalin da ya tsaya "a rufa asiri" sai ya farga lokaci ya ƙure.

Lauyarmu, wadda kasonta ke fitowa daga abin da aka samu, ta fahimtar da mu cewa ba babban kamfanin da sunansa ke kan allo ne ya ɗauki yarinyar ba, ɗan kasuwan da ya sayi izinin buɗe reshen ne. Wannan yana da tasiri, don dokar tarayya ta ƙayyade diyyar ƙuncin rai bisa yawan ma'aikata: dala 50,000 ga mai ma'aikata 15 zuwa 100, har zuwa dala 300,000 ga wanda ya haura 500. Dokar jihar New York ba ta sa wannan iyaka ba, shi ya sa lauyar ta riƙe ta ita ma.

Mahaifin yarinyar ya ji, kuma shi ya zauna gefenta ranar sulhu. An biya ta albashin awannin da aka yanke da diyya daban, aka sallami manajan, mai reshen kuma ya amince a rubuce zai horar da ma'aikatansa ya sa lambar kai ƙorafi a bangon kicin.