Guringuntsin Meckel a ƙwan kaza

A ajin ilimin sassan jiki an sha gaya mana cewa muƙamuƙin ƙasa yana da guringuntsi, wanda ake kira guringuntsin Meckel, tun kafin ya yi ƙashi. Ban gamsu ba sai da na rina tayin kaza da hannuna. Ƙwai mai zakara na samo, aka sa a injin ƙyanƙyasa ya kwana 12, sannan na fasa.

Wahalar aikin tana wajen fiɗa. Da hantsaki ake ɗaye fata da 'yan gashin da suka fara tsirowa, a hankali, don in an bar ko kaɗan rini ba ya shiga. Daga nan sai a jiƙa a etanol, a sa shuɗin rinin Alcian blue mai kama guringuntsi, a bi da jan rinin alizarin red mai kama ƙashi, sai ruwan potasiyam haidroksaid ya wanke naman ya zama garau. Wannan ruwan ba ya son gaggawa, in ya yi ƙarfi tayin ya ruɓe a kwalba.

Da na duba a madubin ƙara girma, ga sanduna biyu shuɗaye, sirara, sun taso daga gindin kunne sun haɗu a tsinin baki. Jajayen ƙasusuwa kuma suna gefensu, sun rungume su. A nan na gane abin da littafi ke faɗa a dunƙule: mafi yawan ƙashin muƙamuƙi ba guringuntsin ne ke rikiɗa ya zama shi ba, a jikinsa yake tsirowa, kamar doya da sandar da aka kafa mata.

Johann Friedrich Meckel, Bajamushe masanin sassan jiki, shi ya bayyana wannan guringuntsi a 1820. A tsuntsu sandar tana zama a cikin ƙashi har girma. A ɗan'adam kuwa tana fitowa wajen mako na 6 na ciki, ta gama aikinta, tsakiyarta ta narke, sai wata tsirkiya da ke riƙe muƙamuƙi da ƙoƙon kai. Ƙarshenta na baya shi ne ya fi ba ni mamaki: yana zama ƙaramin ƙashin nan da ke manne da dodon kunne. A kazar tawa, wannan gurbin shi ne gaɓar da baki ke buɗewa da ita.

Mai son gwadawa ya haɗa tayi masu kwanaki daban-daban. Guda ɗaya ba ya nuna yadda ja ke cin shuɗi, kuma a ajiye su a gilisarin, ba sa lalacewa.